Tagogin Yaya Ladi Sun Fara Dawowa Gida

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Yaya Ladi, kuma bana ne karo na farko da na zauna zan yi maganarta zuciyata tana tsalle don murna. A shekarun baya idan watan ya zagayo, waina nake soyawa in raba wa maƙwabta sadaka, in yi mata addu'a, in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni. Yanzu haka teburin ɗinkina a unguwar Bani Malik, nan Jidda, ba wurin ajiye almakashi, duk kwalaye sun rufe shi, wani da tabon manja, wani gara ta ci gefensa, kowanne ɗauke da zanen hannunta. Kuma da wuya mako ya wuce wani bai ƙaru ba.

Bari in fara da abin da na san zai sa wasu su haɗe rai. Namiji aka haife ta, ranar Lahadi, a Funtuwa. Sunan yankanta Usman, amma kowa Ɗanladi yake kiranta, kuma Usman ɗin ne ke rubuce a iƙamarta, takardar izinin zama da ta samu daga baya, har ta koma ga Allah. Ita ce babba, ni ke bi mata, mu biyu kaɗai Inna ta haifa. Bayan rasuwar mahaifinmu Inna ta kwaso mu muka zo umara, da aka gama ba mu koma ba, muka samu ɗaki a unguwar Mahjar cikin 'yan'uwanmu Hausawa. Tun muna yara a cikin mata take zama. Ta riga ni iya tuƙa tuwo, ta riga ni iya ɗaurin ɗankwali, ita ke yi min kitso idan Inna ta tafi wankau gidajen Larabawa. Inna ta yi duka, ta yi rubutun sha, ta yi kuka, daga baya ta gaji ta bar wa Allah.

Wata rana muna tsintar shinkafa, lokacin ta kai wajen shekara ashirin, ta ce min ba tare da ta ɗago kai ba, "Dije, a waje ki kira ni yadda duniya ke kira. Amma in muna cikin gida, ki ce min ke."

Daga ranar na yar da "Ɗan" ɗin, ya rage Ladi. Mutanen unguwa ɗan daudu suke cewa. Ba ta taɓa yin faɗa da kalmar ba, tana da ƙawaye a cikinsu masu sayar da abinci ga alhazai, amma takan ce kalmar rigar aro ce, ta rufe mata jiki sai dai ba awonta ba ne. Ni ba malama ba ce, ban zo shafin jarida don in yanke wa kowa hukunci ba. Hukunci na Mai sama ne. Yadda na kira ta tana raye, haka zan kira ta a nan.

Aikinta a unguwar masana'antu ta Jidda yake, a wata masana'antar kwali. Da dako ta fara, tana loda kwalaye a mota cikin farin tob, doguwar rigar mazan nan, da hula kamar kowane lebura. Wata rana kafilinta, wato ubangidan da ya tsaya mata a takarda, ya gan ta tana zana raƙumi da gawayi a jikin bango lokacin hutu, maimakon ya yi faɗa sai ya mayar da ita ɗakin masu zanen tambarin da ake bugawa a jikin kwali. Shekara da shekaru duk dabino da kaza da tumatir ɗin da kuka gani a jikin kwalayen wannan masana'anta daga hannunta suka fito. Ragowar farin kwali da ake yankewa a zubar kuwa, shi take ɗaurowa ta kawo gida.

A kan wannan ragowar ta fara abin da ya sa nake wannan rubutu. Sai ta sa rula ta raba kwalin gida-gida, a kowane gida ta zana mutane suna wani abu, daga bakin mai magana ta fito da wani abu kamar balan-balan ta rubuta maganarsa a ciki. In ka bi gidajen daga farko zuwa ƙarshe, sai ka ga labari ya tashi yana tafiya. Ta ga irinsa ne a mujallun yara na Larabci da ake sayarwa a baƙala, wato kantin unguwa, amma nata ba na yara ba ne, kuma da Hausar Mahjar aka yi shi, wadda rabinta Larabci ne, halas da yalla. Ba mu san sunan abin ba. Inna ce ta duba ta ce kamar mutum na leƙa gidajen mutane ta taga, shi ke nan muka riƙa ce musu tagogi.

Tauraruwar tagogin wata ce wai ita Tabawa. Doguwa ce, mai manyan hannaye da ƙaramin gemun da kullum take fama da shi. A titi sunanta Tanko, tana sanye da tob, 'yan tasi suna ce mata kai. Da ta turo ƙofar gida sai ta rataye tob ɗin a ƙusa, ta ɗaura zani, ta hau tukunya. Ba wanda ya taɓa tambayar Yaya ko wace ce Tabawa, ba a tambayar abin da ido ke gani. Abin da ya ba mu mamaki shi ne ba labarin tausayi ba ne. Tabawa masifaffiya ce, ga son ciniki, ga tsoron kyanwa. Akwai labarin da ta je kasuwar kifi ta yi ta taya wani ƙaton kifi har mai kifin ya gaji ya ba ta kyauta don ta tafi. Akwai wanda ta tsinci wani tsohon alhaji ɗan Zamfara ya ɓata, ta kawo shi gida ta ciyar da shi, tsohon ya rasa gane ko Alhaji zai ce ko Hajiya, sai ya riƙa cewa "bawan Allah, baiwar Allah" a haɗe har ya tafi, wai don kada ya yi kuskure.

Duk ranar Alhamis bayan la'asar matan layinmu sukan hau saman benenmu. A shimfiɗa tabarma, a dafa shayi, Yaya ta jingina kwali a jikin tankin ruwa tana nunawa da tsinke tana karantawa, tana canza murya. Yawancin matan ba su iya karatun boko ba, amma zane ba ya buƙatar makaranta. Akwai Hajiya Sa'adiyya, wata dattijuwa Bahaushiyar Sudan da ke sayar da turaren wuta, wadda in dariya ta kama ta sai an bubbuga mata baya. Matan nan da suka wuni suna goge tayil ɗin wasu, suna ɓuya in sun hango motar jami'ai, sai ga su a jikin kwali da fuskokinsu da zannuwansu, ana ba da labarinsu kamar wasu manya. Kowace takan roƙi a saka ta. Wadda aka zana da ƙaton hanci ta yi fushi na mako guda, ta dawo.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wata maƙwabciyarmu ta ari kwali biyu ta kai gida don ta nuna wa ƙanwarta, mijinta Malam Iro ya gani. A ciki akwai tagar da Tabawa ke cire tob tana ɗaura zani. Washegari ya tsaya a ƙofarmu yana ɗaga murya, ya ce ana tara matan aure ana koya musu lalata, in ba a daina ba zai kai magana gaba. Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san abin da wannan ke nufi. Namiji ya yi shigar mata laifi ne da ake kamawa a kai, ga shi rabin matan da ke hawa benen ba su da takarda. Tsegumi ɗaya ya isa a kwashe layin gaba ɗaya zuwa gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu.

Inna ta tsorata ƙwarai. Ta kunna kurfoti a tsakar gida ta ce a kawo kwalayen duka. Yaya ba ta yi musu ba. Ta shiga ɗaki ta kwaso su cike da hannu biyu, fuskarta kamar an ɗauke mata jini. Ban taɓa ganin ta haka ba, ko ranar da 'yan iska suka jefe ta a bakin baƙala dariya ta shigo tana yi.

Kafin ta kai ga wutar Hajiya Sa'adiyya ta shigo, mata huɗu ko biyar a bayanta. Nan take ta zare kwali goma daga hannun Yaya ta cusa cikin abayarta. Sauran matan suka yi yadda ta yi. Kafin Inna ta gama salati hannun Yaya ya koma wayam, kurfoti na ta ci shi kaɗai. Wata ta kai nata ƙarƙashin katifa, wata cikin buhun shinkafa, wata ta shimfiɗa a gindin akwatin lefen 'yarta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Daga nan Hajiya ta wuce gidan Malam Iro. Matarsa ce ta ba mu labari daga baya. Ta same shi yana alwala, ta tsaya a kansa ta ce, "Iro, shekarar da ruwa ya ci unguwar nan, wa ya goyo mahaifiyarka ya fito da ita in ba Ɗanladi ba? Kana Makka kana aiki, ruwa ya kai mata ƙirji. Je ka kai ƙara. Amma in an tambaye ka sunan wanda ka kawo, ka faɗa musu wannan ma."

Bai kai ƙarar ba. Ba zan ce ya sauya ra'ayi ba, don daga ranar bai sake amsa sallamar Yaya ba, ya kuma hana matarsa shiga gidanmu. Zaman Alhamis ya mutu. Yaya ta ci gaba da zane jefi-jefi, in ta gama sai ta miƙa wa wata ta tafi da shi, ba ta yarda ko ɗaya ya kwana a gidanmu. Bayan 'yan shekaru ciwon suga ya taɓa mata ido, daga ido ya sauka ƙoda. Ranar da ta rasu maza suka yi mata wanka, aka sallaci Usman a masallacin unguwa, mu kuma muna cikin gida muna kukan Ladi. Da aka fito da makara na leƙa ta labule, na ga Malam Iro a gaba ya sa kafaɗa. Har yau ban san me ke ransa ba, shi ma ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa.

Sai kwalayen suka bi masu su. Wasu matan an kama su an mayar, wasu sun tafi da kansu da tsufa ya zo, Hajiya Sa'adiyya ta koma wajen 'ya'yanta a Sudan ta rasu a can. Mu ma muka tashi daga Mahjar. Na ɗauka maganar tagogi ta ƙare ke nan, ni da ko guda ɗaya ban riƙe ba.

To, ga abin da ya faru bana. 'Yata Rahma a nan Jidda aka haife ta, tana karatun zane da tsara hotuna. Irin yaran nan ne da in ka yi musu Hausa su gane sarai, su mayar maka da Larabci. Tana ƙarama Yaya ta rasu, abin da ta riƙe kawai shi ne wata doguwar Khala, wato yayar uwa, mai ba ta alawa tana zana mata kyanwa a tafin hannu. Wata rana ina ɗinki ta zo ta ajiye min allon wayarta a kan keken ta ce, "Ummi, shufi, duba wannan."

Na duba. Shafi ne an raba shi gida-gida, mutane a ciki, magana na fita daga bakinsu cikin balan-balan. Wata ce a tsaye gaban madubi da rigar maza a hannu ɗaya, ta mata a ɗaya hannun. Ban iya harshen ba, amma ban buƙaci fassara ba. Na tashi tsaye har zare ya tsinke, na ce ai waɗannan tagogin Yaya ne, wa ya ba su?

Rahma ta yi dariya ta zaunar da ni. Ta ce ba wanda ya ba su, littafi ne sukutum, mai kauri kamar na manyan makarantu, an buga shi a wata ƙasa ana sayarwa a kanti. Ta ce irinsu suna da yawa yanzu, a harsuna daban-daban, labaran waɗanda aka haifa maza suka rayu mata, da waɗanda aka haifa mata suka rayu maza, kuma da yawa masu rayuwar ne da kansu suke zanawa. Ta yi ta wuce min da shafuka. Ga wata tana gardama da mahaifiyarta a kicin. Ga wani yana aske kai karon farko yana murmushi. Ga wata tsohuwa tana ba jikarta labarin zamanin da take ɓuya. Na ce a tsaya, na cire tabarau na goge, na ce a ci gaba. Ashe abin da Yaya ke yi a kan ragowar kwali, jingine da tankin ruwa, sana'a ce mai suna da daraja, har makarantu ake shiga a koya. Ashe tana da 'yan'uwa a duniya da ba ta taɓa jin labarinsu ba, su ma ba su taɓa jin nata ba.

A ranar na ba Rahma labarin Tabawa tun daga farko. Ta saurara baki buɗe, da na gama ta tambaye ni ina kwalayen suke. Na ce sun watse. Ta ce ai wayoyi ba su watse ba. Ta sa na yi saƙon murya na tura wa tsofaffin ƙawayenmu na Mahjar da nake da lambarsu, na ce duk wadda ke da kwalin Ladi ta ɗauki hotonsa ta turo.

Wallahi ban sa rai ba. Amma alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Kafin magariba hoto na farko ya shigo daga Kano, labarin kasuwar kifi, mai shi ta haɗa da saƙon murya tana dariya tana kuka ba a gane abin da take faɗa. Wata a Maraɗi ta ce nata na gindin akwati tun ranar kurfoti, ta zazzage kayan 'yarta kaf ta ciro. 'Yar Hajiya Sa'adiyya ta turo daga Port Sudan, ta ce duk gudun da suka yi da tashin hankalin ƙasarsu, kwalayen na cikin abin da ta ɗauko, don uwarta ta yi mata wasiyya da su. Waɗanda aka turo hotonsu Rahma ta buga su a takarda. Wasu kuma na ainihin suka iso, a hannun masu zuwa umara, an naɗe su cikin zani kamar jarirai. Kowace ta tura wa wata, har matan da ban taɓa sani ba suna kirana suna cewa su ma an taɓa zana uwarsu.

Nakan tambayi kaina me Yaya za ta ce da ta ga Jiddar yau. Mata na tuƙa mota, Rahma ma ita ke kai ni asibiti. An buɗe gidajen kallo, ana zane a jikin bangaye da izinin hukuma, 'yan mata na zama a wuraren shan gahawa da allon zane a cinya ba mai ce musu kanzil. Na san da ta yi guɗa, ta ce a kai ta bakin teku ta gani da idonta. Amma ba zan yi wa mamaciya ƙarya ba. Littattafan nan da Rahma ta nuna min ba za ka same su a kantunan garin nan ba, kuma da Yaya na raye da har yau sai ta saka tob kafin ta taka ƙofa. Ina jin za ta kalli allon wayar ta daɗe, ta yaba hannun mai zanen, sannan ta ce tasu ta cika kuka, a ƙara mata barkwanci. Haka take. Ba ta yarda a zana mutum yana shan wahala kaɗai ba, sai an nuna shi yana cin abinci, yana gulma, yana yin laifinsa shi ma.

Wani abin da ban lura da shi ba sai yanzu shi ne bayan mutanen. An rushe unguwanni da yawa a kudancin garin nan, lungunan da muka girma a cikinsu wasu sun zama fili. Amma ga su a cikin tagogin: baƙalar Bayamane mai rumfar kwano, igiyar shanya da ta ratsa daga benenmu zuwa na maƙwabta, famfon da ake layi a kansa, har da karyayyen matakalar da kowa ke tuntuɓe. Ba mu da hoton ko ɗaya daga cikinsu, wa ke ɗaukar hoton lungu? Ita ta ajiye mana ba tare da mun roƙa ba. Da ta mutu na ɗauka ba ta bar komai ba, ba ɗa, ba gida, ba ko kabarin da zan iya nunawa in ce ga shi. Yanzu ina ganin mata a ƙasa huɗu suna kiran juna saboda ita, suna tuna wa juna wace ce aka yi wa ƙaton hanci.

Labari ɗaya ne ya tsaya mana. Shi ne na ƙarshe da ta zana kafin idonta ya tafi. An yi samame a unguwa, an kama Tabawa da tob a jikinta, an kai ta gidan tarhil, mai gadi na tambaya ɓangaren maza za a kai ta ko na mata. A nan kwalin ya ƙare. Muka yi ta cigiyar na gaba. Ta Kano ta rantse ta taɓa gani, wai an mayar da Tabawa gida ta buɗe gidan abinci ta yi arziki. Ta Maraɗi ta ce ƙarya ne, tserewa ta yi a cikin motar burodi. Sai matar marigayi Malam Iro, wadda ta tsufa ƙwarai yanzu, ta kira ni ta ce mu daina wahalar da kanmu. Ta ce ta taɓa tambayar Ladi a ɓoye, Ladi ta ce ba ta zana ba tukuna, sai ta san amsar.

Na ce wa Rahma ga alƙalami ga kwali, ai ta gaji hannun, ta ƙarasa. Ta juya kwalin ƙarshen a hannunta, ta karanta maganar mai gadin a hankali, tana tuntuɓe a kan ƙ da ɗ. Sannan ta ce zanen ba zai ba ta wuya ba, amma ba za ta sa wa Tabawa Larabci a baki ba, kuma ba za ta bari ni in fassara mata ba.

"Sai na iya Hausar da zan yi masifa da ita, Ummi," in ji ta. "Irin ta Khala."

Tun ranar ta hana ni yi mata Larabci a gida. Jiya na ji ta a kicin tana zagin tukunyar da ta ƙone mata, da Hausa tsantsa, har da karin magana, ko da yake ta juya shi baibai. Na tsaya a bakin ƙofa ina dariya har sai da na dafa bango.

Allah ya jiƙan ki, Yaya Ladi, ya yafe miki kurakuranki, ya yafe mana namu, ya sa rahamarsa ta fi faɗin abin da muka sani.